Idan fakiti ya ƙi shiga: jagorar gano matsalar girka manhaja da shirya muhallin aiki

Ka buɗe taminal, wato tagar rubuta umarni, ka rubuta `pip install requests` don pip, mai girka fakitocin Python, ya kawo maka wannan fakiti na shiryayyen kod, ya yi ta zubo rubutu har ya ce maka an girka lafiya. Ka kunna shirinka, sai ga `ModuleNotFoundError: No module named 'requests'`. Ka sake girkawa, ya ce ai fakitin yana nan tun ɗazu. Ka sake kunnawa, kuskuren bai motsa ba. A nan ne mutane da yawa suke fara zargin kansu, ko su ce kwamfutar ce ta lalace, wasu ma su goge komai su fara daga farko. Alhali kuwa kwamfutar gaskiya ta faɗa sau biyun: fakitin ya shiga, kuma shirin bai gan shi ba. Abin da ya faru shi ne an kai kaya wani gida, an je neman su a wani gidan.

Mafi yawan matsalolin girka fakiti haka suke. Ba su da wani asiri, kuma tsarin da ake bi a gano su kusan ɗaya ne ko Python kake aiki da shi, ko Node, ko fakitin tsarin Linux. Zan fi kawo misalai daga waɗannan ukun domin su na fi hannu a kai. Ka bi matakan a jere, domin na jera su ne bisa yawan faruwarsu. Kuma ka riƙe ƙa'ida ɗaya tun daga farko: kada ka canza abu biyu a lokaci guda. Idan ka canza uku kuma matsalar ta tafi, ba ka san wanne ya gyara ta ba, gobe in ta dawo za ka sake lalube a duhu.

Mataki na farko: karanta saƙon kuskuren, dukansa

Wannan ne matakin da aka fi tsallakewa. Jan rubutu yana cika allo, ido ya firgita, hannu ya kwafi layin ƙarshe ya kai injin bincike. Sau da yawa layin ƙarshen nan ba shi ne dalili ba, sanarwa ce kawai cewa abu ya faɗi.

Akwai bambanci a nan da ya kamata ka sani. Idan shirin Python ne ya faɗi yayin da yake gudana, layin ƙarshe na jerin kuskuren shi ne yake faɗin ainihin abin da ya faru, layukan da suke samansa kuma suna nuna hanyar da aka bi aka iso wurin. Amma idan girkawa ce ta faɗi, abin ya juye. Za ka ga wani abu kamar `error: subprocess-exited-with-error` ko `Failed building wheel`, waɗannan ba su gaya maka komai ba. Hau sama, ka nemi wuri na farko da kalmar `error` ko `fatal` ta bayyana. Can za ka tarar da magana kamar `Python.h: No such file or directory` ko `pg_config executable not found`. Wannan ce ainihin cutar, sauran duk alamominta ne.

Idan rubutun ya yi yawa har farkonsa ya ɓace daga allo, tura shi cikin fayil: `pip install sunan-fakiti -v > girka.txt 2>&1`, sannan ka buɗe fayil ɗin a natse. Shi npm, mai girka fakitocin Node, yana ajiye cikakken rahoto da kansa, kuma yana rubuta maka inda ya ajiye shi a ƙarshen saƙon. Ka kuma bambanta gargaɗi da kuskure. Layukan `WARN deprecated` da npm yake zubowa da yawa ba su hana komai aiki ba, kada su ɗauke maka hankali daga layi ɗayan da yake da muhimmanci.

Kafin ka taɓa komai, tambayi kanka: yaushe rabon da abin nan ya yi aiki, kuma me ya canza tun daga lokacin? Sabunta tsarin kwamfuta, sabon Python, matsar da folda, ko jawo sabon aiki daga wurin abokan aiki. Amsar wannan tambayar kaɗai takan rage rabin wahalar.

Mataki na biyu: gano wane Python ko wane Node ne yake amsa maka

A nan zan daɗe, domin nan ne gizo yake saƙa.

Kwamfuta ɗaya tana iya ɗauke da Python uku ko huɗu ba tare da mai ita ya sani ba: wanda ya zo da tsarin, wanda ka sauke daga shafin Python, wanda Anaconda ta kawo, wanda Homebrew ya girka saboda wata manhaja tana bukatarsa. Kowannensu yana da nasa rumbun fakiti. Idan ka rubuta `python`, taminal ba ta san wanne kake nufi ba. Tana bin wani jerin foldoji da ake kira `PATH` daga farko zuwa ƙarshe, wanda ta fara cin karo da shi, shi za ta kunna. Haka take yi wa `pip` ma, shi kaɗai, ba tare da la'akari da wane Python ta zaɓa ɗazu ba. Saboda haka `pip` yana iya zama na Python 3.10, `python` kuma ya zama 3.12. Ga asalin labarin da na fara da shi.

Ka tabbatar da idonka. A Linux ko macOS:

`which -a python python3 pip`

A Windows, cikin Command Prompt, `where python`. Idan PowerShell kake ciki, rubuta `where.exe python`, domin `where` shi kaɗai wani umarni ne daban a can. Sannan ka tambayi Python da kansa inda yake zaune:

`python -c "import sys; print(sys.executable)"`

Ka kwatanta amsar da abin da `pip --version` ya nuna, domin shi ma yana faɗin foldarsa da sigar Python ɗin da yake yi wa aiki. Idan hanyoyin biyu ba su dace ba, ka kama ɓarawon.

Maganin mai sauƙi ne, kuma ina ba da shawarar ka mayar da shi ɗabi'a: daina rubuta `pip install`, koma rubuta `python -m pip install`. Da wannan kana cewa Python ɗin nan da nake kira, shi ne zai girka wa kansa. Babu sauran hanyar da kaya za su tafi gidan maƙwabci.

Masu Windows suna da ƙarin abubuwa biyu. Na ɗaya, akwai umarnin `py`, wanda `py --list` yake nuna duk sigogin da aka girka, `py -3.11` kuma ya kira wadda kake so kai tsaye. Na biyu, idan ka rubuta `python` sai Microsoft Store ya buɗe, to Windows ce ta ajiye wani ɗan fayil na wucin gadi da wannan suna, kuma ya riga naka a jerin `PATH`. Nemi App execution aliases a saitunan Windows ka kashe na Python.

Bayan duk wani gyaran `PATH`, rufe taminal ka buɗe sabuwa. Tsohuwar tana riƙe da tsohon jeri, za ta ci gaba da nuna maka kuskuren da ka riga ka gyara. Na ga mutum ya shafe awa guda yana sake girka abin da tuni ya yi daidai, saboda wannan kawai.

Editanka ma yana da nasa zaɓin. VS Code yana iya kunna shirin da wani Python daban da na taminal ɗinka. Danna `Ctrl+Shift+P`, nemi `Python: Select Interpreter`, ka zaɓi na aikin. A Jupyter kuwa, ka yi girkawa daga cikin littafin da `%pip install`, domin wannan yana girkawa a Python ɗin da littafin yake gudana a kai, sannan ka sake kunna kanel, wato injin da yake gudanar da kod ɗin littafin.

Node ma haka. `node -v` da `which node` su ne tambayoyin farko. Idan kana amfani da nvm, manhajar sauya sigogin Node, `nvm ls` zai nuna abin da kake da shi, kuma idan aikin yana da fayil mai suna `.nvmrc`, `nvm use` zai ɗauki sigar da aka rubuta a ciki. Duba kuma sashen `engines` a `package.json`.

Idan Python ɗin daidai ne amma har yanzu ba a ga fakitin ba, saura abu biyu. Sunan girkawa ba dole ya zama sunan kira ba: ana girka `Pillow` a kira `PIL`, a girka `opencv-python` a kira `cv2`, `scikit-learn` ya zama `sklearn`, `beautifulsoup4` ya zama `bs4`, `PyYAML` ya zama `yaml`. Kada ka yi hasashen suna, ka duba takardun fakitin, domin akwai miyagu da suke ɗora fakitin bogi da sunayen da suka yi kama da na gaske don jiran wanda zai yi kuskuren harafi ɗaya. Abu na biyu shi ne ka sa wa fayil ɗinka sunan wani fakiti. Idan kana da `random.py` ko `requests.py` a foldar aikinka, Python zai ɗauki naka ya bar na ainihi, sai ka ga kuskure mai ruɗarwa cewa fakitin ba shi da wani aiki da ka san yana da shi. Canza sunan fayil ɗin, ka goge foldar `__pycache__`.

Mataki na uku: ba kowane aiki nasa keɓaɓɓen muhalli

Idan duk ayyukanka suna cin tuwo a kwano ɗaya, wata rana sai hannu ya haɗu. Wannan aikin yana son tsohon Django, wancan yana son sabo, kuma rumbu ɗaya ba zai ɗauki siga biyu na fakiti ɗaya ba. Keɓaɓɓen muhalli rumbun fakiti ne na aiki ɗaya kaɗai. Don ƙirƙirarsa, shiga foldar aikin ka rubuta:

`python -m venv .venv`

Sannan ka kunna shi da `source .venv/bin/activate` a Linux da macOS, ko `.venv\Scripts\activate` a Windows. Za ka ga sunan muhallin ya fito a farkon layin taminal. Sake gwada umarnin `sys.executable` na ɗazu, ya kamata yanzu ya nuna hanya da ta ratsa cikin `.venv`.

Akwai tuntuɓe uku da aka saba yi a nan. A Debian da Ubuntu, umarnin yana iya cewa `ensurepip is not available`, sai ka girka `python3-venv` da apt, mai girka fakitocin tsarin. A PowerShell, yana iya cewa an hana gudanar da rubutattun umarni, sai ka rubuta `Set-ExecutionPolicy -Scope CurrentUser RemoteSigned`, wanda yake shafar asusunka kaɗai. Na uku, keɓaɓɓen muhalli ba ya son ƙaura. An rubuta cikakkiyar hanyar foldar a cikin fayilolinsa, don haka idan ka matsar da aikin ko ka canza sunan foldar, sai ya rikice. Kada ka yi ƙoƙarin gyara shi. Goge `.venv` ka ƙirƙiri sabo, ka girka daga `requirements.txt`, fayil ɗin da yake ɗauke da jerin fakitocin aikin. Abin yarwa ne, haka aka yi shi.

Tun daga Debian 12 da Ubuntu 23.04, idan ka yi ƙoƙarin girka fakiti da pip a wajen keɓaɓɓen muhalli, za ka ga `externally-managed-environment`. Wannan ba lalacewa ba ce, kariya ce. Tsarin kansa yana dogara da wannan Python ɗin don gudanar da wasu kayan aikinsa, kuma pip yana iya sauya fakitin da apt ya ajiye ya karya su. Za ka tarar da masu ba da shawarar ƙara `--break-system-packages`. Sunan ma ya isa gargaɗi. Yi muhalli, ko kuma idan manhajar taminal ce kake son ta kasance a ko'ina, yi amfani da `pipx`.

Mataki na huɗu: rikicin sigogi

Kowane fakiti yana tsaye a kan wasu, su ma suna tsaye a kan wasu. Rikici yana tasowa idan biyu daga cikinsu suka nemi sigogi mabambanta na abu ɗaya.

Tun sigar 20.3 da ta fito a 2020, pip yana ƙin girka haɗin da ya san ba zai daidaita ba. Yakan ce `ResolutionImpossible`, kuma a sama kaɗan akwai `The conflict is caused by`, inda ya lissafa wanda yake neman me. Karanta wurin a hankali. Sau da yawa kai ne ka ɗaure wani fakiti da `==` a `requirements.txt` tun shekaru biyu da suka wuce, sabon da kake son ƙarawa kuma ba ya tafiya da wannan tsohuwar sigar. Sassauta ɗaurin guda ɗaya, ka sake gwadawa. `python -m pip check` yana nuna rikicin da ya riga ya kasance a muhallin, `pipdeptree` kuma yana zana maka bishiyar wa ya jawo wa.

A ɓangaren npm, `ERESOLVE` ya zama ruwan dare tun sigar 7, lokacin da npm ya fara tsananta duba abokan tafiyar da kowane fakiti ya ce yana bukata. Saƙon yana da layin `Found`, wato abin da kake da shi, da layin `Could not resolve dependency`, wato abin da wani fakiti yake nema. Misali kana da React 18, wani tsohon fakiti kuma ya ce shi sai 17. Abu na farko da za ka duba shi ne ko fakitin yana da sabuwar siga da ta yarda da 18. `npm ls react` da `npm explain react` za su nuna maka duk masu hannu a ciki. `--legacy-peer-deps` yana wucewa da kai, kuma wani lokaci babu laifi idan ka gwada ka ga fakitin yana aiki, amma ka sani ba ka warware rikicin ba, ka ce wa npm ya kau da kai ne. Rubuta a takardar aikin cewa ka yi hakan da dalilinsa. `--force` kuwa ban cika yarda da shi ba.

Wani lokaci rikicin ba tsakanin fakitoci yake ba, tsakanin fakiti da harshen kansa ne. Python 3.12 ya cire `distutils`, don haka tsofaffin fakitocin da suke kiransa suna faɗuwa da `No module named 'distutils'`. Girka `setuptools` yakan toshe wannan gurbin, sabunta fakitin kuma ya fi. Node 17 ya koma OpenSSL 3, sai ayyukan da suke kan webpack 4 suka fara faɗuwa da `ERR_OSSL_EVP_UNSUPPORTED`. NumPy 2.0 da ya fito a watan Yunin 2024 ya karya fakitocin da aka harhaɗa a kan NumPy 1, wanda mafitarsa ta wucin gadi ita ce `pip install "numpy<2"`. A duk waɗannan, kod ɗinka bai canza ba, ƙasar da yake tsaye a kai ce ta motsa.

Saboda haka ba na ba kowa shawarar ya ruga ya ɗauki sabon Python a makon da ya fito. Yana fitowa ne duk watan Oktoba, kuma manyan fakitoci sukan ɗauki lokaci kafin su biyo shi. Siga ɗaya a baya ta fi kwanciyar hankali ga aikin da ake dogara da shi. A Node kuma ka ɗauki wadda aka yi wa alamar LTS, wato mai tallafi na dogon lokaci.

Mataki na biyar: idan girkawa ta koma harhaɗawa

Fakitoci da yawa suna da sassan da aka rubuta da C, C++ ko Rust. Masu su sukan ɗora dafaffun fayiloli da ake kira wil (wheel), waɗanda aka riga aka harhaɗa wa kowane tsari, wato aka mayar da kod ɗinsu yadda injin zai iya gudanarwa. Dubi wannan suna: `numpy-1.26.4-cp312-cp312-win_amd64.whl`. Yana cewa NumPy 1.26.4 ne, na Python 3.12, na Windows mai bit 64. Idan pip bai sami wanda ya dace da kwamfutarka ba, sai ya sauko da ɗanyen kod ya yi ƙoƙarin dafawa da kansa, kuma a nan ne yake neman kayan girki da wataƙila ba ka da su.

Alamar ita ce ka ga yana sauke fayil mai ƙarewa da `.tar.gz`, sannan ya tsaya a `Building wheel`. Kafin ka girka manyan kayan harhaɗawa, fara sabunta pip da `python -m pip install --upgrade pip`, domin tsohon pip ba ya gane wasu sababbin sunayen wil. Sannan ka tambaya: me ya sa babu wil nawa? Ko Python ɗinka ya yi sabo da yawa, ko fakitin ya tsufa, ko kana kan Python mai bit 32, ko injin kwamfutarka na ARM ne kamar na Apple da suka fara da M1 a 2020. `uname -m` zai gaya maka ko `x86_64` ne ko `arm64`. Sau da yawa komawa wani Python ɗin ya fi sauƙi nesa ba kusa ba.

Idan dole sai an harhaɗa, to a Debian da Ubuntu ka girka `build-essential` da `python3-dev`, wanda shi ne yake kawo `Python.h`. A macOS, `xcode-select --install`. A Windows, saƙon `Microsoft Visual C++ 14.0 or greater is required` yana nufin ka girka Build Tools na Visual Studio tare da sashen C++. Wasu fakitocin suna bukatar ƙarin ɗakin karatu na tsarin: `psycopg2` yana neman `libpq-dev`, ko kuma ka ɗauki `psycopg2-binary` don aikin gwaji. Kurakuran `node-gyp` a npm dangin wannan ne, shi ma yana bukatar Python da kayan harhaɗa C++.

Mataki na shida: intanet, satifiket da furoksi

Idan saƙon yana maganar `timed out` ko `ECONNRESET`, matsalar hanya ce. Pip yana jiran daƙiƙa 15 ne kawai kafin ya haƙura, ƙara masa da `--timeout 60`. Idan layinka yana yawan yankewa, sauke fakitocin sau ɗaya da `pip download -r requirements.txt -d kaya`, daga baya ka girka ba tare da intanet ba da `pip install --no-index --find-links kaya -r requirements.txt`. Saukewar da ta yanke a tsakiya tana iya barin gurɓataccen fayil a ma'ajiyar wucin gadi, `pip cache purge` ko `npm cache verify` zai share maka hanya.

`CERTIFICATE_VERIFY_FAILED` kuwa, fara da duba agogon kwamfutarka. Idan kwanan wata ya kauce, duk satifiket zai zama kamar ya ƙare ko bai fara aiki ba. A macOS, Python ɗin da aka sauke daga shafinsa yana zuwa da fayil mai suna `Install Certificates.command` a foldarsa, gudanar da shi sau ɗaya. Idan a ofis ko makaranta kake, mai yiwuwa akwai furoksi da yake tsaye tsakaninka da intanet. Nemi adireshinsa da satifiket ɗinsa daga masu kula da hanyar sadarwar, ka saita `HTTPS_PROXY`, ka nuna wa pip satifiket ɗin da `--cert`, Node kuma da `NODE_EXTRA_CA_CERTS`. Kashe binciken satifiket gaba ɗaya da `strict-ssl false` na npm yana kawar da saƙon, amma ka buɗe ƙofar da duk wanda yake tsakiyar hanya zai iya miƙo maka gurɓataccen fakiti, kwamfutarka kuma ta gudanar da shi. Wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Mataki na bakwai: izini da sauran ƙananan ƙayoyi

`Permission denied` ko `EACCES` yana sa hannu ya kai da sauri ga `sudo`, umarnin da yake gudanar da abu da izinin babban mai iko a kwamfutar. Dakata. `sudo pip` da `sudo npm install` suna barin fayiloli mallakin babban mai iko a cikin foldojinka, sai gobe umarni na yau da kullum ya kasa taɓa su, ka sake bukatar `sudo`, abin ya zama zobe. Keɓaɓɓen muhalli da nvm duk suna girkawa a cikin foldarka, ba sa bukatar wannan izinin. Idan ɓarnar ta riga ta faru, mayar da mallaka da `sudo chown -R $(whoami) ~/.npm`.

Idan apt ya ce `Could not get lock`, wani aikin sabuntawa ne yake gudana a bayan fage. Jira shi ya gama, kada ka goge fayil ɗin kulle. Idan wuta ta ɗauke ana tsakiyar girkawa, `sudo dpkg --configure -a` sannan `sudo apt --fix-broken install`. `No space left on device` ya faɗi kansa, duba da `df -h`, har da foldar `/tmp`. `EADDRINUSE` yana nufin wani shiri ya riga ya zauna a ƙofar sadarwa (port) da kake so, misali ta 3000, `lsof -i :3000` zai nuna maka ko wane ne. `bad interpreter` tare da `^M` kuma yana nufin an adana fayil ɗin da ƙarshen layi irin na Windows, `dos2unix` yana gyara shi. A Windows, dogayen hanyoyin fayil da suka haura haruffa 260 suna iya karya girkawa, sai ka matsar da aikin kusa da tushen faifai ko ka kunna damar dogayen hanyoyi.

Mataki na takwas: gwajin sabon ɗaki, da neman taimako

Idan ka bi duk waɗannan ba ka gano ba, yi sabuwar folda babu komai a ciki, ka yi sabon muhalli, ka girka fakitin da yake ba ka wahala shi kaɗai. Idan ya shiga, matsalar tana cikin aikinka, sai ka riƙa ƙara sauran fakitocin rabi-rabi har ta bayyana. Idan bai shiga ba, matsalar tana tsakanin fakitin da kwamfutarka, kuma yanzu kana da ƙaramin misali da kowa zai iya maimaitawa.

A aikin Node, goge `node_modules` ka rubuta `npm ci`, wanda yake girka daidai abin da yake cikin `package-lock.json`. Kada ka yi gaggawar goge `package-lock.json` ɗin kansa. Shi ne kaɗai shaidar haɗin sigogin da ya taɓa yin aiki, kuma idan ka goge shi, alamar `^` da take gaban lambobin sigogi za ta ba npm damar jawo sababbi da yawa a lokaci guda.

Duba shafin ƙorafe-ƙorafen fakitin a GitHub, har da waɗanda aka rufe, domin amsar takan kasance a can. Idan za ka yi tambaya, kawo tsarin kwamfutarka da sigarsa, sigar Python ko Node, ainihin umarnin da ka rubuta, cikakken saƙon kuskure a rubuce ba hoton allo ba, da abin da ka riga ka gwada. Share kalmomin sirri da makullan shiga daga rahoton kafin ka liƙa shi.

Da zarar ya yi aiki, kafin ka rufe taminal, kulle sigogin da `python -m pip freeze > requirements.txt` ko ka ajiye `package-lock.json` a Git, ka sa `.venv` da `node_modules` a `.gitignore`. Sannan ka buɗe `README` ka rubuta sigar Python ko Node da aikin yake bukata, fakitocin tsarin da ka girka da apt ko Homebrew, da duk wata tuta ta musamman da ka ƙara wa umarni tare da dalilinta. Daga nan ka jawo aikin cikin wata sabuwar folda, ka bi abin da ka rubuta layi bayan layi kamar baƙo, ka ga ko zai tashi.